Yadda ake duba tsohuwar katafilar da ta daɗe a ajiye kafin a biya kuɗinta

Katafilar da ta shekara biyar ko goma a wuri ɗaya, har ciyawa ta tsiro ta tsakanin sarƙarta, akwai abin da ya tsayar da ita. Mai sayarwa zai ce maka lafiya lau aka kashe ta, batir ne kawai babu. Wani lokacin gaskiya ne: kwangila ta ƙare, ko mai ita ya rasu, magada ba su san yadda za su yi da ita ba. Amma sau da yawa wani abu ne ya karye a ciki, aka ji kuɗin gyara, aka haƙura. Aikinka shi ne ka gano wanne ne tun kuɗinka na aljihu. Bayanin nan ya fi shafar tsofaffin Caterpillar da suka fi yawa a wajenmu, wato D6D da D7G da D8K, amma mai duba Komatsu D85 ko D155 ma hanyar ke nan.

Abin da za ka tafi da shi

Na farko bakanike mai gyaran manyan injuna, naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Sai direban katafila da ya san hannu. Sannan kaya:

- Manyan batura biyu masu bolt 12, cike da caji, da wayoyi masu kauri. Waɗannan injuna da bolt 24 suke tashi.
- Gas mai tsabta kamar lita 50 a jarka, da guntun tiyo.
- Baƙin mai lita 30 ko fiye, sabuwar filtar mai, sabuwar filtar gas, da ruwa lita 50 ko fiye.
- Sifanu da soket. Tsohuwar Caterpillar awon inci take ci, Komatsu kuma milimita.
- Dogon ƙarfen banƙara, guduma, shebur, adda, tocila, tef na awo, maganaɗisu, famfon giris.
- Gorunan ruwa na roba da aka yanke bakinsu, kamar shida, don tarar mai.
- Agogon auna matsin mai, wanda ake ɗaurawa a jikin inji. Kada ka dogara da na kan dashbod.
- Katako mai faɗi da kauri, wanda zai rufe bakin shigar iska ruf, da tukunyar kashe gobara.

Ka ware yini biyu. Na farko na dubawa ne, na biyu na tayarwa da gwaji.

1. Fara da mai ita da takardu

Kafin ka taɓa sifana, ka san da wa kake ciniki. Idan kayan gado ne, dole magada su amince a rubuce. Idan ta hukuma ce aka yi gwanjonta, nemi takardar gwanjon da rasiɗin biya. Idan ta kamfani ce, tambayi ko an jinginar da ita ga banki. Nemi takardar kwastan in akwai.

Sai lamba. A tsofaffin Caterpillar akwai ƙaramin farantin lamba a bayan jiki ta gefen hagu, wani kuma a jikin inji. Farkon lambar shi ke faɗa maka ainihin samfurin: 92V na D7G ne, 77V na D8K. Da wannan lambar ake sayen kayan gyara, don haka ka ɗauke ta a hoto, ka gwada da ta takarda. In ka ga an goge wurin da giranda ko an sake bugawa, ka haƙura da cinikin nan.

Tambayi mai gadin wurin, ko tsohon direbanta in ana samunsa, abin da ya faru ranar da ta tsaya. Su suka fi kowa sani.

2. Share wurin, ka zagaya ta

A sare ciyawa tukuna, a bubbuga jikin da sanda. Maciji da kunama suna son ƙarƙashinta, zuma da rina kuma suna yin gida a akwatin batir da cikin murfin inji. Kada kowa ya tura hannu inda ido bai gani ba.

Ka fara da abin da babu. Injin da ya daɗe ba mai kula ba ya rasa ɓarayin ƙarfe: kik, altaneta, famfon injekta, lagireto, wayoyi, har bututan nozul. Rubuta duk abin da aka cire, domin kowane ɗaya kuɗi ne.

Sai ka ɗaga kai ka dubi bututun hayaƙi. In a rufe yake da marfi ko gwangwani, madalla. In a buɗe yake yana kallon sama, to duk daminar da ta wuce ta zuba masa ruwa, ruwan kuma ya bi ta bawul ɗin da ya tarar a buɗe ya sauka kan fistin.

Nemi tsagewa da tsohuwar walda a jikin firam, da hannayen da ke riƙe allon ture ƙasa, da sandar da ke gicciye a ƙarƙashin inji wadda ke haɗa ɓangarorin sarƙa biyu. Walda a kan allo ba komai ba ce. Walda a jikin akwatin baya, kusa da sufuroket, wato ƙafar baya mai haƙora, babbar magana ce. Duba sandunan haidirolik: sashen da ya zauna a waje shi ke yin tsatsa, kuma in farcenka na maƙalewa a ramukan tsatsar, zai yayyaga sil da zarar an fara aiki. Agogon awa kuwa kada ka kula shi. Lalacewar abin taka birki da sakwarkwacewar hannayen tuƙi sun fi shi faɗar gaskiya.

3. Sarƙa da ƙafafu

Nan sabon shiga ke faɗawa rami. Hankalinsa na kan inji, alhali wajen rabin kuɗin kula da katafila a ƙasanta yake tafiya. Inji ana buɗe shi a gyara. Sarƙar da ta ƙare kuwa sai dai saye, kuma ɓangare biyu ne. A kankare busasshiyar laka da shebur, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sufuroket, wato ƙafar baya mai haƙora. Haƙoran sabuwa suna da faɗi a kai. In sun yi tsini kamar bakin wuƙa ko sun lanƙwashe, ta ƙare, kuma alama ce sarƙar ma ta miƙe. Sa dogon ƙarfe ka banƙare ta gefe da gefe. Bai kamata ta motsa ba ko kaɗan. In ta yi girgiɗi, boris ɗin fainal diraif, wato akwatin giyar da ke juya sufuroket, ya tafi.

Bush. Tura hannu ta ƙarƙashin sarƙar ta sama, ka shafa bututun ƙarfen da haƙori ke kamawa. Lafiyayye zagayayye ne sumul. Wanda ya ci ƙasa za ka ji gefensa ya baje. In ka ji ya baje ta gefe biyu, an riga an taɓa juya shi, babu sauran juyi. In ya huje har ana jin fin ɗin ciki, wato sandar da ke haɗa gaɓa da gaɓa, magana ta ƙare.

Tsawon sarƙa. Ana aunawa daga tsakiyar fin zuwa tsakiyar fin na biyar, wato gaɓa huɗu, a tsallake gaɓar da ake kwance sarƙa ta wurinta. Sabuwa a D6D inci 32 ce, a D7G inci 34, a D8K inci 36. In ta ƙaru da rabin inci, kwananta ya kusa ƙarewa. Awon ba ya fita daidai sai sarƙar ta ɗame, don haka ka yi na farko yanzu, ka maimaita bayan ta tashi: a sa guntun ƙarfe a haƙorin sufuroket, a ja baya kaɗan har sarƙar sama ta miƙe.

Aidila, babbar ƙafar gaba. Ita ake turawa gaba da giris don ɗame sarƙa. Duba inda ta kai a kan firam. In ta kai ƙarshe, babu sauran wurin ɗamewa. Wasu sukan cire gaɓa ɗaya don ɓoye wannan, saboda haka ka ƙirga takalman kowane gefe, wato farantan sarƙa masu taka ƙasa. D7G ta yau da kullum 38 gare ta. Ka sa famfon giris ka gwada: in aidila ba ta motsa ba, ko giris na fitowa ta gefe, sil ɗin ciki ya mutu. Gargaɗi a nan: kusar sakin giris tana riƙe da matsi mai ƙarfin gaske. Ba a kwance ta fiye da zagaye ɗaya, ba a kuma leƙa ramin da fuska.

Rola, ƙananan ƙafafun da ke taɓa sarƙa. D7G na da shida a ƙasa, biyu a sama, kowane gefe. Nemi wadda ta yi yoyon mai, wadda ta cije har sarƙa ta goge mata gefe ɗaya ya baje, da wadda leɓenta ya fara gugar kan fin. Wannan gugar tana nuna gaɓoɓin sarƙar sun side, tsayinsu ya ragu. Daga nan ka buga takalman da guduma, mai kusa sako-sako ƙararsa daban ce.

4. Mai da ruwa, tun ba a motsa komai ba

Daɗewa a ajiye tana da amfani ɗaya: komai ya kwanta. Ruwa ya fi mai nauyi, yana can ƙasa. Don haka gejin mai zai iya nuna maka mai garau alhali akwai ruwa a gindi. Sassauta kusar juye mai a hankali, kada ka cire ta, ka tara gora. Abin da ya fara ɗigowa shi ne labarin. 'Yan ɗigon ruwa na raɓa ne. Kofi guda ko fiye, ko mai ya koma kamar kunun gyaɗa, yana nufin ruwan sama ya shiga, ko robar gindin silif (hannun rigar da fistin ke kai da komo a ciki) ta saki, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Yi haka wa giyabos, da fainal diraif na hagu da na dama, da tankin haidirolik, kowanne da gorarsa. Zura maganaɗisu a ciki. Laushin garin ƙarfe kamar kwalli ba abin tsoro ba ne. Ɓarɓashi mai kaifi da yatsa ke ji, ko guntun haƙorin giya, shi ne dalilin da aka ajiye ta. In fainal diraif ɗaya ya bushe ƙarƙaf, ko an cika shi da giris maimakon mai, an san yana yoyo aka rufe ido. Man giyabos kuma ka sansana shi: ƙaurin ƙuna na nufin faifan kuloci sun sha wuta. A nemi matatar giyabos mai maganaɗisu a ciro ta, ba ta ɓoye komai.

Buɗe lagireto. In babu ruwa, cika shi, ka jira, ka sake duba gindin inji. In ka ga mai yana yawo a saman ruwan, na'urar sanyaya mai ta huje. Ciro filtar iska ka ga ko ɓeraye sun yi sheƙa, ka bi ƙananan bututan numfashi da zanzaro ke toshewa da laka. In akwai ƙura kwance a bututun da ke bayan filtar, injin ya sha ƙasa, ringinsa ba za su yi kyau ba. Taɓa farfelar tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, da yatsa: ta juya sakayau, kada ta gogi jiki.

5. Juya inji da hannu

Kada a sa batir tukuna. Saurin sa batir shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada. In akwai ruwa a kan fistin aka buga kik, ruwa ba ya matsuwa, konrod, sandar da ke riƙe fistin, ita ce za ta lanƙwashe. A sa soket da dogon hannu a kusar gaban karanshaf, ko a cire kik a banƙari haƙoran fulawil da ƙarfe. Ana so ya yi cikakken zagaye biyu. In ya tafi ya tsaya cak a wuri ɗaya, a cire nozul ko hita (fulogin ɗumama silinda) a ga ko ruwa zai fito. A buɗe murfin saman inji a ga kowane bawul na sauka yana dawowa.

In ya cije gaba ɗaya, akan zuba gas haɗe da jan man giya a kowane silinda, a bar shi kwanaki, ana ɗan girgiza shi gaba da baya. Wani yakan saki. Amma ko ya saki, a lissafinka ka sa kuɗin buɗe inji.

Abu na ƙarshe kafin wuta: famfon injekta. A cikinsa akwai rak, sandar da ke ƙara gas da rage shi. Tsohon gas yakan daskare ya riƙe ta. In ta cije a buɗe aka tayar, injin zai yi ta hawa ba mai iya kashe shi har ya tarwatse. Bakanike ya buɗe murfin gefe ya tabbatar tana kai da komo da yatsa.

6. Tayarwa

Juye tsohon baƙin mai, zuba sabo, sa sababbin filtoci. Injin 3306 na D7G yana shan kamar lita 27. Kada a yi amfani da gas ɗin da ke tanki. Cire bututun da ke zuwa daga tanki, a tsoma tiyo cikin jarka, a buga famfon hannu har kumfa ta daina fita. Ɗaura agogon matsin mai. Giya ta zauna a furi, a kulle ta, a danne birki, kowa ya kauce daga gaba da baya. A cire bututun iska, mutum ɗaya ya tsaya da katakon nan a hannu. In inji ya gudu, da katako ake toshe shi. Ba tafin hannu ba, ba tsumma ba, domin zuƙe su zai yi.

A fara juya shi da gas a rufe har allurar matsi ta motsa, sannan a buɗe gas. Kik kada ya wuce daƙiƙa 30, a huta masa minti biyu. Dabarar nan ta kanga tsumman fetur a bakin iska ka hana ta, musamman a inji mai hita, tana fasa ringi tana kuma tada gobara.

Da ya kama, ido kan agogo. In matsi bai hau cikin daƙiƙa 15 ba, a kashe. Bayan ya yi zafi ana son ganin kamar 40 zuwa 60 psi in an ba shi wuta, a silo kuma kada ya faɗi ƙasa da 20. Farin hayaƙi na mintunan farko ba komai. Wanda ya ƙi ɗaukewa ruwa ne ko nozul. Shuɗi baƙin mai yake ƙonawa. Baƙi kuwa yawanci nozul ne ko ƙarancin iska, shi ya fi sauƙin gyara. Leƙa lagireto tun bai yi zafi ba: kumfa mai tasowa ba tsayawa gasket ne ko kan inji ya tsage. Duba bututun numfashin inji, in yana huci da ƙarfi kamar salansa, ringi da silif sun gaji.

7. Sa ta aiki, aƙalla awa guda

Giyabos mai ciwo yakan yi lafiya da sanyi, sai mai ya yi zafi ya nuna halinsa. Don haka zagayen minti biyar a fili ba gwaji ba ne. Direba ya shiga giya uku na gaba da uku na baya, kowacce ta kama nan take, ba jinkiri, ba duka. Ya juya hagu, ya juya dama, gaba da baya. Sannan ya kafa allo a jikin tudu ko gindin kututture a giya ta ɗaya, ya ba ta wuta. Sarƙa biyun su yi ta haƙar ƙasa tare. In ɗaya ta tsaya, kulocin juyawa na wannan gefen yana zamewa, kuma kai wa gare shi sai an sauke tanki da kujera. In duka biyun sun tsaya inji na ta kuka, matsalar a giyabos take ko a konbata, na'urar da ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos.

Ya danna allo ƙasa har gaban katafilar ya ɗaga. Mai lafiyayyen famfon haidirolik ba ta jin wannan. Sannan ya ɗaga allon sama a kashe inji. In yana saukowa ido na gani, sil ɗin silinda ko bawul ya saki.

Ka tsaya a gefe ka kalli sarƙa tana wucewa. Gaɓar da ta ƙage tana zuwa a tanƙware. Wasu sukan saki da aiki. Bayan an tsaya, bi rola da hannu a hankali ka nemo mai zafi, ka duba bayan sufuroket ko mai ya fara tsiyaya, ka sake zaro geji ka ga ko launin mai ya canja. In mai ita ya yarda, a yanke filtar giyabos a buɗe takardar ciki a rana.

8. Lissafi da ciniki

In an hana ka tayarwa, ko ta ƙi tashi, cinikin biri a sama ne, sai ka saye ta a matsayin ƙarfe da kayan gyara. Ma'auninka nauyinta: D6D wajen tan 14, D7G wajen tan 20, D8K sama da tan 30. Tambayi farashin kilo na ranar a wurin masu sayen ƙarfe, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ninka. Daga nan tayinka zai fara.

In ta tashi ta yi aiki, nemi farashin irinta mai aiki a kasuwa, ka cire kuɗin duk abin da ka rubuta. Kada ka manta da mai: a D7G giyabos na shan kamar lita 70, kowane fainal diraif sama da 30, ga haidirolik ga inji, jimilla ta haura duro guda. Ƙara tiyoyin haidirolik, domin rana ta gasa su, za su yi ta fashewa ɗaya bayan ɗaya a makonnin farko. Ƙara batura, fambel, kuɗin lobed (tirelar ɗaukar manyan injuna) da la'adar dillali. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka kira masu kayan gyara da lambar nan ka ji ko ana samun abin da kake buƙata. A ganina, inji mai ciwo a kan lafiyayyar sarƙa ya fi lafiyayyen inji a kan sarƙar da ta ƙare.

A rubuta yarjejeniya da lambar jiki da ta inji, da shaidu. Ka ɗauki hoton kowane gefe ranar biya, ka sa mai gadinka, ko ka tafi da kik da batura. Tsakanin biya da ɗauka kaya ke ɓacewa.

9. Ɗauka

Je ka ga hanyar da lobed zai bi: ƙananan gadoji, wayoyin lantarki, da laka in damina ce. Allon D7G ya haura mita uku da rabi a faɗi, in hanya matsattsiya ce a kwance shi a ɗora daban. A yi lodi a shimfiɗaɗɗen wuri, a shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko katako a kan matakalar, domin ƙarfe a kan ƙarfe santsi ne. A ɗaure ta da sarƙa ta kusurwa huɗu, a sauke allo ƙasa, a toshe bututun hayaƙi.

Wadda ba ta tashi ba sai da winci ko wata katafilar. Ka sani irin waɗannan ba a tura su su tashi, kuma ba sa juyawa in inji ba ya aiki, domin kulocin juyawa da matsin mai yake saki. Saboda haka lobed ne zai daidaita kansa da ita, a ja ta a miƙe. In sarƙar ta nutse a ƙasa, a haƙe gabanta da bayanta tukuna.

Tana isa gida, kafin ta taɓa aikin kowa, a juye duk mayukan, a wanke tankin gas, a sauke farantan ƙarƙashin ciki a kwashe laka da ciyawa da tsohon man da suka taru, domin nan gobara ke farawa. Farantan suna da nauyi, ga laka a kansu, don haka a tokare kowanne da jek kafin a kwance kusa ta ƙarshe.